Ƙashin Baba da Saƙon Yaya Habibu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Dakta Habibu. A irin wannan watan ya cika, damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai a gonakin Nahuce. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa ɗan abin sadaka in raba wa maƙwabtana a Tsafe, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. An ba ni saƙo in kai masa, na rasa inda zan nufa da shi, shi ya sa na kawo shi shafin jarida. Amma bari in fara gaya muku yadda aka yi na zama 'yar aike.

Yaya ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan ke nufi ga uba irin namu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya kallon fuskarsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa magana baki da baki. "Wancan" yake ce masa. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ƙiyayya ce. Ina! Alkunya ce, kuma ta Baba ta fi ta kowa tsanani. Ni ce ta uku, bayan Yaya da Alhaji Sale, kuma tun ina ƙarama Allah Ya yi ni da baki, sai aikin ya faɗo kaina. Baba na zaune a zaure, Yaya na tsugune a bakin ƙofa, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, sai Baba ya dube ni ya ce, "Asabe, hwaɗa ma wancan ya kai jaki rahi." In juya in faɗa, alhali Yaya ya ji da kunnensa. Yaya ya ce, "Ki ce masa to." In juya in mayar. In kuwa Yaya ne ya aiko, amsar Baba ɗaya ce ba ta canzawa: "Hwaɗa mai na ji." Haka muka yi ta yi har Yaya ya yi furfura a gemu, ni kuma na aurar da 'ya.

Karatu ya kai Yaya nesa, har ƙasar waje, ya dawo yana koyar da ɗaliban likitanci a wata jami'a. Mutanen Nahuce da suka ji an ce daktan ƙashi ne, sai suka ɗauka mai ɗori ne na boko. Yana isowa gida za a jero masa masu targaɗe da karaya, shi kuma ya yi ta ba da haƙuri yana tura su asibiti, yana cewa shi ba irin wannan daktan ba ne. Aka sa masa suna dakta marar allura. Ni ce kan gaba wajen tsokana. Nakan ce masa mutane na fama da zazzaɓi da hawan jini, kai ka tare a ɗaki kana leƙen ƙashin ɓera a madubin ƙara girman abu. Sai ya yi dariya ya ce saurare yake yi, don ƙashi yana magana.

Wata Babbar Salla na ƙure shi na ce yau sai ya warware mini wannan zancen. Muna tsakar gida ana suyar naman layya. Ya ɗauki wani ƙashin cinya da aka fasa, ya ce na ɗauka busasshen abu ne kamar itacen girki, ko? Na ce to mene ne in ba shi ba. Ya ce ƙashi rayayye ne, kullum ana rushe shi ana sake gina shi, kuma a can cikin taurinsa akwai ƙwayoyin halitta birjik, kowace a binne a ɗan ɗakinta, ba ta gusawa daga nan har ta mutu. Amma kowace ta miƙa siraran hannuwa ta cikin wasu 'yan hanyoyi da ido ba ya gani, har ta taɓo hannun maƙwabciyarta. A daidai inda suka taɓa juna, nan aikinsa yake.

Sai ya nuna mini kafar da ke jikin katangarmu, wadda Inna da maƙwabciyarta ke miƙa wa juna garwashin wuta da gishiri da labarin gari. Ya ce irin wannan kafar ce a tsakanin ƙwayoyin, sai dai kowace ƙwaya rabi take ginawa, da wani sinadari da ya kira konezin, guda shida a zagaye. Sai rabin wannan ya haɗu da rabin waccan sannan hanya ta buɗe. Babban abu ba ya wucewa, sai ƙananan saƙonni irin su sinadarin kalsiyam da 'yan uwansa. Na ce to me suke faɗa wa juna, gulma? Ya ce tambaya ɗaya ce tak suke yi: da mutum a gidan nan, ko an ƙaura?

Ga yadda na fahimci sauran, in kuma akwai kuskure nawa ne, ni malamar firamare ce. A cikin 'yan hanyoyin nan akwai ruwa. Duk sanda ƙafa ta taka ƙasa, nauyin jiki ya matsa ƙashi, ruwan sai ya motsa. Ƙwayoyin su ji, su buɗe kafofinsu, su ƙara gina sababbi, saƙo ya riƙa bi daga wannan zuwa waccan har ya fito bayan ƙashi, inda ƙwayoyi magina da masu rushewa suke. Magina su kama aiki, masu rushewa su sassauta. Idan kuwa mutum ya daɗe a kwance ko a zaune, ruwan ya kwanta, kafofin su ragu, saƙo ya yanke, masu rushewa su ci gaba da abinsu ba mai tsawata musu. Ya ce akwai wasu abubuwan kuma da ke sa kafofin su ƙaru ko su ragu. Akwai sinadarin da wasu 'yan ƙullutai a wuya ke fitarwa, akwai na mata wanda ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa tsofaffin mata suka fi saurin karyewa, akwai hasken rana. Ƙwayar da ta ji rauni takan rufe kafarta da kanta don kada ɓarnar ta tsallaka wa maƙwabta. Tsufa ma yana rage su, wannan ba mai hana shi. Sannan ya ɗaure fuska ya ce akwai wani magani da ake zubawa a haɗin kemis na ciwon gwiwa, mai sa mutum ya ji garau har fuskarsa ta cicciko, shi ma yana toshe kafofin a hankali ba wanda ya sani. A cikin duk waɗannan, in ji shi, wanda ke hannun talaka shi ne tafiya.

Wannan ilimin ne ya jawo masa baƙin jini a gida. Yaya yana da mota, amma in ya zo Nahuce sai ya ajiye ta a ƙofar gida ya bi bayan Baba a ƙasa har gona, Baba na gaba da fartanyarsa a kafaɗa, shi yana baya hannu rabbana. Gari ya ɗauka. Wai dakta guda, da mota, ya bar tsoho na tafiya a ƙasa, ko fartanya bai karɓar masa ba, boko ya cinye tarbiyya. A wurinmu ɗa na gari shi ne wanda ba ya bari ubansa ya ɗaga ko buta. Alhaji Sale, wanda Allah Ya buɗa wa a cinikin hatsi a Gusau, abin ya yi masa zafi, ya sayo babur ya ce a riƙa kai Baba masallaci da gona. Ranar ce kaɗai na ga yayyena biyu sun ɗaga wa juna murya. Yaya ya ce, "Sale, duk abin da ka ɗauke masa, daga ƙashinsa kake ɗaukewa." Alhaji Sale ya ce shi dai bai ga inda aka ce a wahalar da iyaye ba. Daga ƙarshe aka aike ni zaure da maganar Yaya. Baba ya saurara yana kallon ƙasa, ya ce, "Hwaɗa mai na ji." Washegari ya saɓi fartanyarsa ya wuce babur ɗin kamar bai gan shi ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Yaya. Da jiki ya yi tsanani aka dawo da shi wani asibiti a Gusau, ni da matarsa muke jinya. Baba ya zo dubiya sau ɗaya, kuma bai shigo ɗakin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar baranda, ya ce, "Asabe, ya jikin wancan?" Wallahi na ji kamar in yi ihu in ce Baba ka shigo ka dube shi, ɗanka ne, tafiya zai yi. Na haɗiye, na ce da sauƙi. Yaya ya yafito ni da hannu, na sunkuya, ya ce, "Ki ce masa kada ya yarda a zaunar da shi. Ko ba na nan." Na taka zuwa ƙofa na faɗa yadda aka faɗa mini, na tsaya ina jiran "na ji". Baba ya daɗe a tsaye leɓensa na motsi, sannan ya gyara hularsa ya juya ya tafi. Tunda nake kai masa saƙo, ranar ce ta farko da na dawo ba amsa. Yaya bai kai Juma'a ba. A zaman makoki mutane na kuka, Baba na zaune yana amsa gaisuwa kamar maƙwabci ne ya rasu, kuma daga ranar ko "wancan" ɗin ban sake ji a bakinsa ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Zamfara ta yau. Ya rasu fitinar 'yan bindiga ta riga ta fara, amma a wajenmu ana noma. Bayan rasuwarsa gonar Baba ta bakin daji ta gagari zuwa, sannan kwana a gida ma ya koma da fargaba. Alhaji Sale ya je ya ɗauko Baba ya dawo da shi gidansa a Gusau, kuma ba mai ganin laifinsa a nan, ni ma na ce a ɗauko shi. Ya gyara masa ɗaki mai tayil da fanka da banɗaki a ciki. Jikoki na rige-rigen kawo masa buta. Abinci har gabansa, Juma'a a mota, sauran salloli a ɗaki don masallacin unguwar sai an tsallaka titi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana taka ƙasa daga asuba zuwa la'asar, sai ga shi tafiyarsa ta yini ba ta wuce daga katifa zuwa darduma ba. Da gwiwa ta fara ciwo aka riƙa sayo masa haɗi a kemis, a ɗan ƙullin leda. Fuskarsa ta cicciko, kowa ya shigo sai ya ce ma sha Allah, hutu ya karɓi Baba.

Ni kuwa in na ga fuskar nan sai in tuna gargaɗin Yaya a kan haɗin kemis. Duk zuwan da na yi daga Tsafe sai na yi magana, har aka fara cewa ga magajiyar bokon Habibu nan ta iso. In kama hannun Baba in zagaya da shi tsakar gida, ina juya baya a mayar da shi katifa. Ni mace ce, ƙanwa, kuma ba a garin nake ba. Baba ma ba shi kaɗai ba ne. Ku zagaya unguwannin Gusau da hantsi ku ga tsofaffin manoma daga Mada, daga Bungudu, daga ƙauyukan Tsafe, jere a kan benci a ƙofar gidajen 'ya'yansu, hannuwansu masu kanta a kan gwiwa, ba abin yi. Ana maganar waɗanda aka harbe da waɗanda aka sace, kuma dole a yi. Waɗanda zama ke cinyewa ta ciki ban ji mai maganarsu ba. Na tabbata da Yaya na raye da ya bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya yana tayar da su, ana zaginsa yana dariya.

A bazarar bana abin da nake tsoro ya faru. Ba wata faɗuwa ce ta a-zo-a-gani ba. Baba ya idar da alwala, ya juya zai ɗauki hularsa, santsin tayil ya ɗan kwashe shi, ya zauna daɓas, ƙashin cinyarsa ya karye daga can sama wajen ƙugu. Likitan da ya duba hoton ya ɗaga shi ga haske ya tambaya wane magani tsohon ke sha. Da aka nuna masa ƙullin ledar, kai kawai ya girgiza, ya ce za a janye shi a hankali, ba a dainawa farat ɗaya. Aka yi aiki aka sa ƙarfe, aikin kuma ya yi kyau. Likita ya ja kunne cewa a fara tayar da shi da wuri, ya haɗa mu da wata Sista Rahila, mutuniyar Filato mai aikin gashin ƙashi, ya ce za ta riƙa zuwa gida. Aka sayo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu.

Zuwanta na farko ina Tsafe, labari aka ba ni. Ta zaunar da Baba a bakin gado ta ce ya sauke ƙafa, ya yi wani irin nishi, zufa ta karyo masa. Alhaji Sale ya ce a tsaya. Ya raka ta har ƙofa cikin girmamawa, ya ce in ƙashin ya haɗe za a kira ta, amma ba za a azabtar da ubansa yana kallo ba. Ƙarfen dogarawa ya koma bayan ƙofa, aka riƙa rataya masa tawul. Makonni suka shuɗe Baba na kwance, in na buga waya a ce mini da sauƙi. Sista Rahila ce ta kira ni da kanta wata safiya. Ta ce, "Malama Asabe, na leƙa Baba jiya. Bayansa ya fara gyambo, ƙirjinsa na ƙara, ya rage cin abinci. Kwanciyar nan ta fi karayar haɗari. In bai tashi kwanan nan ba, ina tsoron ba zai sake tashi ba."

Washegari na shiga motar Gusau. Mai bin hanyar nan ya san yadda take yanzu. Ana fita daga Tsafe direba zai kashe rediyo, hira ta mutu, kowa ya zuba wa daji ido, in babur ya ɓullo daga gefen hanya sai ka ji salati ƙasa-ƙasa. Ranar ko kallon dajin ban yi ba. Tambaya ɗaya ke cin raina: in na tayar da shi ya faɗi fa? Ga ƙashin da zama ya cinye, ga ƙarfe a ciki, ga shekaru. Na biya na ɗauki Sista Rahila muka wuce gidan tare.

Bayan la'asar muka isa. Alhaji Sale na ganinmu ya miƙe ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba, hannun rigarsa a naɗe, da alama yanzu ya gama gyara Baba. Shi kansa ya rame. Kada mai karatu ya ɗauka mugu ne. Duk jinyar nan shi ke wanke Baba da hannunsa, bai bar wa mata ko yara ba.

"Asabe, mi ya kawo ki da ita?"

"Yaya Sale, tayar da shi za mu yi."

"Ba a gidana ba. Ke kina Tsahe, ni ka jin nishinai, ni ka juya shi. In ya hwaɗi ya sake karyewa, ke za ki ɗauki alhakin?"

Gaskiya ya faɗa, zai iya faɗuwa. Sista Rahila ta fara bayani a hankali, ya ɗaga mata hannu ya ce ta yi haƙuri, wannan ta gida ce. Matan gidan suka yi cirko-cirko a tsakar gida. Murya ta fara tashi, tawa da tasa. Na ce so yake ya kashe Baba da gata, ya ce Habibu ya tafi ya bar mini taurin zuciyarsa. Ambaton sunan ke da wuya sai muka ji tari daga cikin ɗaki.

"Asabe."

Na raɓa ta gefen Alhaji Sale na shiga. Baba na kwance fuskarsa ga bango, ya zama ɗan tsurut, ɗakin na warin magani. Na durƙusa na ce na'am.

"Mi wancan yac ce?"

Alhaji Sale ya yi salati a bayana, ya ɗauka ruɗewa ce ta zo. Ni na san Baba cikin hankalinsa yake. Na ce, "Baba, cewa ya yi kada ka yarda a zaunar da kai. Ko ba ya nan." Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina ya ci gaba, ina ba shi labarin kafar katangar Inna, da 'yan ƙwayoyin da ke binne suna jiran su ji an taka ƙasa, da maginan da ke zaune ba wanda ya aiko musu. Na ce yanzu haka a cikin ƙafarka tambaya suke yi, da mutum a gidan ko an ƙaura. Da na yi shiru ya juyo da kansa a hankali, bai dubi kowa ba, ya ce, "Kawo ƙarhen."

Sista Rahila ta janye tawul ɗin ta dasa ƙarfen a gaban gado. Ta fara zaunar da shi, ta ce a dakata jiri ya wuce. Idanunsa suka juya, kansa ya yi baya, na ce a raina shi ke nan na kashe shi. Ta riƙe kafaɗarsa tana cewa, "Baba, ja numfashi, ja numfashi." Ya dawo. Ta sauke masa ƙafafu ƙasa. Tafin ƙafar da na sani da faso da kaushi ya yi laushi fes, ganinsa kaɗai ya sa na ji hawaye. Ta ce tana son namiji mai ƙarfi a bayansa ya riƙe ƙugu, amma kada ya ɗaga shi, ya bari nauyin ya sauka a ƙafa. Ba wanda ya motsa. Can sai Alhaji Sale ya cire hularsa ya ajiye, ya hau gadon ya durƙusa a bayan Baba. Ya dube ni ya ce ƙasa-ƙasa, "In wani abu ya hwaru, Asabe..." Bai ƙarasa ba.

Baba ya damƙi ƙarfen, jijiyoyin hannunsa suka tashi. A yunƙurin farko ya koma zaune da wani nishi da ya sa wata a tsakar gida ta fashe da kuka. Na ga hannuwan Alhaji Sale na neman su ɗauke shi cak, Sista ta ce, "A'a, Alhaji. Bar shi." Ya bari, hawaye na bin gemunsa. Baba ya yi bisimilla ya sake yunƙurawa. Gwiwoyi na kaɗawa, ƙarfen na ƙara a kan tayil, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya miƙe. Ya tura ƙarfen gaba kaɗan, ya ja ƙafar da aka yi wa aiki ya aza ta, ya bi da ɗayar. Sai ya tsaya yana haki, yana kallon ƙasa yadda yakan yi a zauren Nahuce in ana ba shi saƙo.

"Asabe."

"Na'am, Baba."

"Hwaɗa mai na tashi."

Ni kuwa, Allah shaida, juyawa na yi wajen ƙofa. Jikina ne ya juya da kansa yadda ya saba tun ina yarinya, bakina har ya buɗe. Ba kowa a ƙofar sai labule.

Ban zo in ce Baba ya warke ba. Har yanzu da ƙarfen yake tafiya, kuma iyakarsa gindin darbejiyar ƙofar gida. Tarin bai rabu da shi duka ba, gyambon na warkewa a hankali, duk kuma sanda wayata ta yi ƙara na ga lambar Gusau sai na yi salati kafin in ɗauka. Na tambayi Sista Rahila ko kafofin nan na sake buɗewa a ƙashin mai shekarunsa. Ta ce ita ba ta leƙa ƙashi a madubi, abin da ta sani wanda ya taka ya fi wanda ya kwanta, sauran na Allah ne. Kullum da hantsi Baba na gaba yana tura ƙarfensa, Alhaji Sale na biye da shi, ya harɗe hannuwa a baya don kada su yi abin da suka saba. Maƙwabta sun fara magana, wai Alhaji guda da motoci ya bar tsoho na jan ƙafa a rana. Da ya ba ni labarin sai da muka yi dariya, daga baya dariyar ta juye mana kuka.

Me ya rage na Yaya bayan shekara bakwai? Akwai rubuce-rubucensa na Turanci da ba na gane kansu, akwai ɗaliban da ya koyar waɗanda ban san fuskarsu ba. Gidan Nahuce a rufe yake, an ce ruwan bara ya ci katangar Inna, kafar ma babu ita. Abin da na gani da idona shi ne maganar da ya faɗa a gadon asibiti, da muryar da da kyar take fita, ta zauna a ƙirjin tsoho duk tsawon shekarun nan har ranar da aka buƙace ta. Da ina ganin alkunyar nan ta cuce su, ta hana su juna. Yanzu ban san abin da zan ce ba. Na dai san ba wanda Baba ya saurara a duniya kamar ɗan da bai taɓa kiran sunansa ba.

Ni 'yar aike ce, ba a taɓa ba ni saƙo na kwana da shi ba, wannan kuwa ya yi makonni a hannuna yana ƙona ni. Na kai shi cikin sujada, na roƙi Allah Ya gafarta wa Yaya, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana. Mai karatu ya taya ni da amin. In kuma akwai tsoho a gidanku da aka zaunar saboda ƙauna, a tambayi likita, a kama hannunsa. Saura in sauke nauyin yadda na saba, da baki, a fili.

Yaya Habibu, Baba ya ce in gaya maka ya tashi.